Shin Karatun Gumaka Ne? Tsokaci A Kan Koyar Da Tarihin Zane Da Gini A Manyan Makarantu

  

Abin da ya jawo wannan rubutu shi ne wata ziyara da wani tsohon ɗalibina na Islamiyya ya kawo mini bayan ƙaramar Sallah. Yaron a hannunmu ya sauke Alƙur'ani, kuma Allah Ya ba shi kyawun hannu, har ta kai shi muke ba wa zayyanar allon masu sauka. Yanzu ya kammala sakandare, zuciyarsa kuma ta kwanta a kan abu guda: yana son ya tafi Zariya ya karanci tarihin fasaha, wato tarihin zane-zane da gine-gine da sauran ayyukan hannu na ado, ya zurfafa a ciki har wata rana ya tsaya gaban aji a jami'a ko kwalejin ilmi yana koyar da shi. Da ya kai maganar gida, kawunsa ya yanke hukunci da kalma biyu: karatun gumaka. Mahaifinsa kuwa bai kai ga zancen haramci ba, tambaya kawai ya yi, ya ce wa ya taɓa riƙe gida da wannan karatu? Sai yaron ya taho wurina, ya durƙusa ya ce, "Malam, don Allah a gaya mini gaskiya. In haramun ne in haƙura."

Na ce ya ba ni 'yan kwanaki in duba littattafai. Abin da zai biyo baya shi ne amsar da na ba shi, na faɗaɗa ta domin na san ba shi kaɗai ke da irin wannan tambaya ba. Fahimtata ce a matsayin ɗalibin ilmi, ba fatawa ba ce, kuma wanda yake da malamin da ya fi ni sani, ya kai masa ita ya auna.

Da farko dai, kada wani ya ɗauka kawun nan jahili ne. Tsoron da yake ji yana da tushe mai ƙarfi. Hadisan da suka yi gargaɗi a kan sura suna cikin mafi ingancin abin da aka ruwaito, Bukhari da Muslim duk sun kawo su, kuma sun ambaci azaba mai tsanani ga masu suranta abu mai rai. Haka kuma sananne ne cewa ranar da aka buɗe Makka, Manzon Allah (SAW) ya rushe gumakan da ke kewaye da Ka'aba. Musulmin da ya ji kalmar mutum-mutumi gabansa ya faɗi, tauhidinsa ne ya motsa, kuma ban ga abin dariya a nan ba. Na sha ganin 'yan boko suna yi wa irin wannan dattijo kallon wanda bai waye ba, alhali kuwa da za a tambaye su hukuncin sura a mazhaba ɗaya, sai ido ya raina fata.

Sai dai ina roƙon mai karatu ya tsaya tare da ni a kan ƙissar farkon shirka a bayan ƙasa, domin a cikinta ne na sami bakin zaren. A cikin Suratu Nuhu Allah Maɗaukakin Sarki Ya ambaci sunayen gumaka biyar na mutanen Annabi Nuhu (AS): Wadda da Suwa'a da Yagusa da Ya'uƙa da Nasra. Bukhari ya kawo bayanin Abdullahi ɗan Abbas (RA) cewa waɗannan sunayen wasu bayin Allah ne na gari. Da suka rasu, sai Shaiɗan ya ƙawata wa mutanensu su kafa alamu a wuraren da suke zama, su sa musu sunayensu. Mutanen farko ba su bauta musu ba, domin sun san ko su wane ne, sun kuma san dalilin da ya sa aka kafa su. Sai da wannan tsara ta shuɗe, ilmin abin ya gushe, sannan aka fara bauta. A lura da kyau. Ƙissar tana gargaɗi a kan kafa sura, wannan babu ja. Amma tana kuma nuna cewa bautar ta shigo ne ta ƙofar mantuwa, a ranar da aka rasa wanda zai ce wa yara: wannan dutse ne, wane ya sassaƙa shi, a shekara kaza, saboda dalili kaza. To, wannan jumla ta ƙarshe ita ce aikin malamin tarihin fasaha tun daga safe har yamma. Abin da aka san maƙerinsa da zamaninsa da irin ƙasar da aka kwaɓa aka yi shi, da wuya ya ƙara zama abin tsoro ko abin roƙo.

Magabata ba su ji tsoron wannan ilmi ba. Hishamu ɗan Kalbi, wanda ya rasu a farkon ƙarni na 3 bayan Hijira, littafi guda ya wallafa a kan gumakan Larabawa, Kitabul Asnam, ya faɗi sunan kowane gunki da ƙabilar da ke bauta masa da inda yake da yadda aka rushe shi. Biruni, a littafinsa kan ƙasar Indiya da ya rubuta wajen shekarar 1030, ya ware babi a kan gumakan Hindu har da ƙa'idojin da masu sassaƙa su ke bi. Abdullaɗif na Bagadaza, likita kuma masanin hadisi da nahawu wanda ya rasu a 1231, ya siffanta dalar Fir'auna da babban mutum-mutumin da Misrawa ke kira Abul Hauli, sunan littafin nasa ma yana ɗauke da kalmar i'itibari, wato ɗaukar izina. Maƙrizi, wanda ya rasu a 1442, ya bi masallatai da makarantu da kasuwanni da ƙofofin Alƙahira ɗaya bayan ɗaya ya rubuta tarihinsu, kuma har gobe masu nazarin gine-ginen birnin ba su da abin dogaro kamarsa. Ibn Khaldun ma ya keɓe fasula a Muƙaddima a kan gini da sassaƙa da saƙa da rubutun hannu. Ban taɓa jin an kira ɗaya daga cikin waɗannan malamin gumaka ba.

Amma ba zan ɓoye wa 'yan'uwa wurin da maganar take da nauyi ba. A mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda masu sharhin Mukhtasar na Khalil suka zayyana a babin walima, surar da aka haramta ita ce ta abu mai rai, mai jiki da inuwa, wadda gaɓoɓinta suka cika. Wadda aka zana a takarda ko bango ba ta kai haramci a wurinsu ba, ta tsaya a karahiya ko saɓa wa abin da ya fi. Wadda kuma aka rasa wata gaɓa tata, ita ma ta fita daga haramci. Imam Nawawi na Shafi'iyya ya fi tsanantawa, bai bambance mai inuwa da marar inuwa ba. Abin da ya fi shafar ɗalibina shi ne cewa Shaihu Dardir ya ambata cewa kallon surar da ta haramta shi ma haramun ne. Ga shi kuwa wannan fanni gaba ɗayansa kallo ne. Na daɗe a kan wannan gaɓa. Abin da na fahimta shi ne, malaman suna magana ne a kan wanda aka gayyata biki ya tarar an kafa surori don ado da girmamawa, ba a kan mai nazari ba. Alƙur'ani a wurare da yawa ya umarce mu da mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda ƙarshen waɗanda suka gabace mu ya kasance, ya kuma ambaci gidajen da Samudawa suka fafe a cikin duwatsu. Da Manzon Allah (SAW) ya bi ta wurin a hanyar Tabuka, ya yi wa sahabbai tarbiyya a kan yanayin zuciyar da ake shiga irin wannan wuri da shi, wato tsoro da kuka, ba shagala ba. Ke nan akwai kallo na girmamawa, akwai na shagala, akwai na izina da neman sani. Ban da haka, abin da malami ke nuna wa ɗalibai a aji hoto ne a littafi ko a allon majigi, marar inuwa, kuma mafi yawan abin da aka tono na mutanen Nok, waɗanda aka fara gano kayansu a kudancin jiharmu ta Kaduna a 1928, kawuna ne da gutsattsari.

Yanzu bari mu bar gumaka, domin gaskiyar magana ita ce su ƙaramin yanki ne na abin da yaron nan zai koyar idan Allah Ya cika masa burinsa. Mu zo gida.

A zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, aka gina masallacin Juma'a na birnin Zariya. Maginin shi ne Malam Mika'ilu, wanda wasu ke kira Muhammadu Durugu, aka fi saninsa da Babban Gwani, kuma har yau akwai unguwa da ke amsa wannan suna a cikin birni. Babu ƙarfe a aikinsa, babu siminti. Ƙasa ce da azara. Wanda ya san gini ya san azara ɗaya, wato tsagin giginya da gara ba ta cika ci ba, ba ta ɗaukar rufin da ya wuce kimanin mita 2. To ta yaya aka rufe makeken ɗakin salla da ita? A nan hikimar bakan gizo ta shigo. Magini zai kafa azara a jikin ginshiƙi ta ɗan leƙo, ya ɗaure ta ya lulluɓe da ƙasa, ya bari ta bushe, sannan ya ɗora wata a kanta ta ƙara leƙowa, haka daga wannan gefe, haka daga wancan, har bakunan biyu su haɗu a sama su riƙe juna. A kan waɗannan bakuna ake ɗora tulluwa. Babban Gwani ya kai wannan dabara inda masana gini na duniya suka sa masallacin a sahun gaba na gine-ginen ƙasa a Afirka ta Yamma. Adon da ya yi a jikin ginshiƙan kuwa layuka ne da da'irori masu zurfi, babu surar ko ƙuda. Mutum ne da ya san iyakar shari'a, ya tsaya a cikinta, kuma bai rasa abin faɗa ba.

Mu mutanen ƙasar Birnin Gwari muna da kaso a tarihin wannan bawan Allah, kuma kason ba mai daɗin ji ba ne. Ruwayar baka, wadda ta shiga littattafan Turawa, tana cewa bayan ya gama na Zariya sai aka gayyace shi Birnin Gwari ya gina masallaci irinsa, da ya kammala sai sarkin wancan zamani ya sa aka kashe shi don kada ya gina wa wani wanda ya kai wannan. Ranar da na fara cin karo da wannan labari a rubuce, abu biyu suka zo mini a zuciya. Na farko kunya. Na biyu kuwa, sai na tuna ajin adabin Larabci, inda aka karantar da mu labarin Sinimmar, maginin da ya gina wa Nu'umanu sarkin Hira fadar Khawarnaƙ a ƙasar Iraƙi tun kafin Musulunci, aka jeho shi daga saman ginin don kada ya gina wa wani irinta, har Larabawa suka mayar da sakayyarsa karin magana. Labarin guda ne, sunaye kawai aka sauya. Irin wannan ƙissa ta sarki da gwanin magini tana yawo a ƙasashe da dama, ana jingina ta ga duk ginin da ya ba mutane mamaki. Shin abin ya faru da gaske a garinmu, ko kuwa malamai masu karatun Larabci ne suka ɗora tsohuwar riga a kan sabon gwani? Wannan tambaya ce ta isnadi da matani, irin wadda ɗalibin hadisi ya saba da ita. Baturen da ya rubuta labarin ya rubuta abin da aka gaya masa. Wanda zai iya warware ta shi ne mai jin Hausa da Larabci, wanda zai zauna da zuriyar magina a Zariya da dattawan tsohuwar Birnin Gwari, ya tattara ruwayoyi ya gwama. Sunan garinmu ne a ciki, kuma kusan shekara 200 ke nan ana maimaita zancen ba mu ce uffan ba.

Abin da ya sami masallacin Zariya daga baya shi ma darasi ne. A shekarun 1970 aka rushe wasu sassansa na waje, aka lulluɓe ɗakin sallar da sabon gini na siminti. A ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023 kuma wani sashe ya rufta ana sallar La'asar, aƙalla mutum 7 suka rasu, Allah Ya jiƙansu Ya karɓi shahadarsu. Wanda yake son ya san yadda masallacin yake a asalinsa, da ƙofofinsa da harabarsa, dole ya nemi awon da wani magini ɗan ƙasar Polan mai suna Dmochowski ya yi tare da mataimakansa 'yan Nijeriya, wanda aka buga cikin mujalladi uku a 1990 bayan rasuwarsa, ko kuma ya tafi Jos ya ga kwaikwayon masallacin da aka gina a gidan tarihin gine-ginen gargajiya. Ɗan'uwa mai karatu, ka tsaya ka yi tunani: masallacin da jikokin masu jihadi suka yi salla a ciki, wanda ya adana mana siffarsa mutum ne da ya taso daga Turai.

Haka abin yake a sauran fannoni. Sashen zane na Zariya ya girmi Jami'ar Ahmadu Bello kanta, wadda aka kafa a 1962, domin tun a tsakiyar shekarun 1950 yake can a ƙarƙashin tsohuwar kwalejin da ta rikiɗe ta zama jami'ar. A 1958 wasu ɗalibansa, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar da ta ƙi yarda a koya musu zanen Turawa tsura, suka ce kowa ya koma ya tono adon mutanensa. Uche Okeke ya koma ga zanen uli na Inyamurai, ya mayar da shi abin karatu a jami'ar Nsukka. A Zariya suka yi wannan farkawa, a tsakiyar gidaje masu zankwaye da dagi a fuskar zaure, mu kuwa masu garin muna waje. Wanda ya riƙe koyar da tarihin fasaha a sashen daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa ƙarshen na 1970 Bature ne, David Heathcote. Shi ya bi maɗinka lungu-lungu ya yi digirin digirgir a kan aikin rigunan Hausa, aska takwas da aska biyu da sauransu, shi ya shirya baje kolin fasahar Hausawa a Landan a 1976, kuma da yawa daga kayan da ya tara suna gidan tarihin Birtaniya. Ba na zarginsa da komai, ya yi aikin da muka bari. Namu da suka shiga fagen, kamar Farfesa Hamman Tukur Sa'ad wanda ya yi nazarin tunanin maginan Hausa a digirinsa na 1981, sun nuna bambancin da ke akwai idan ɗan gida ya yi tambaya, sai dai ba su da yawa. A ƙetaren iyaka kuma, masallacin ƙauyen Yama na jihar Tawa a Nijar, wanda Falke Barmu ya fara ginawa da ƙasa a 1962, ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Matasanmu nawa ne suka taɓa jin sunansa, alhali Bahaushe ne ɗan'uwansu?

Abin da ya fi taɓa ni a matsayina na malamin Islamiyya shi ne Alƙur'anin hannu. Ɗauko na kakanka daga gafaka ka duba. Baƙaƙe da baƙar tawada, wasula da ja, hamza da ɗigon rawaya, alamar wasali da kore, duk a ruwayar Warshu, da zayyana a kan kowane hizbi da rubu'i da sumuni, warƙoƙi kuma ba a ɗinke ba. Wannan tsari na launuka ya taso ne tun daga Andalus da Magrib, ya ratso Sahara, Barno ta ba shi nata salo, Kano ta ba shi nata. Idan tsoho ne sosai, ɗaga warƙa ɗaya ka haska ta da rana. Sau da yawa za ka ga tambarin jinjirin wata uku a cikin jikin takardar, alamar cewa a arewacin Italiya aka yi ta, fatake suka kawo ta ta Tarabulus ko Masar. Ke nan a warƙa ɗaya akwai ilmin ƙira'a da tarihin rubutu da tarihin fatauci. Wanda bai sauke Alƙur'ani ba zai ga ado ne kawai. Wanda ya sauke amma bai yi wannan karatu ba zai ga tsohon Alƙur'ani ne kawai, ya musanya shi da bugun Madina, ya bar wancan wa gara. Ɗalibina yana da rabin farko a ƙirjinsa, rabi na biyun yake nema.

Na san abin da wani zai ce, domin ni ma na faɗa wa kaina: mutanen da daji ya hana barci, ina su ina zancen zayyana? Mu da muka ga abin da ya faru a Gwaska a watan Mayun 2018, ranar da 'yan bindiga suka kashe mutane da dama suka ƙona gidaje, ba ma buƙatar a tuna mana cewa likita da jami'in tsaro da malamin gona sun fi gaggawa. Na yarda, kuma da yara ɗari za su tambaye ni, casa'in da tara zan tura su can. Amma wanda ya gudu da dare 'ya'yansa yake ɗauka, ba gafakar kakansa ba, kuma ƙauyen da aka watse aka bari damina biyu ba a yaɓe ba, masallacinsa na ƙasa ya zama tsibi. Abin da tashin hankali ya ci na rayuka ana ƙirga shi, ko da ba daidai ba. Abin da ya ci na littattafai da gine-gine babu mai ƙirgawa, domin tun farko babu wanda ya rubuta cewa suna nan. Irin wannan ilmi, a ganina, yana kusa da abin da malamai ke kira farilla ta kifaya: ba a neman kowa ya yi, amma bai kamata a wayi gari babu ko ɗaya ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin Usulus Siyasa, ya lissafa kula da masu sana'a cikin abin da ke kan shugaba, kuma a zamanin da ya rubuta wannan ba zaman lafiya ake ciki ba.

Saura tambayar mahaifinsa, ta abinci. A nan ban yi wa yaron alkawarin ƙarya ba. Hanyar doguwa ce: digiri na farko, bautar ƙasa, digiri na biyu, sannan na uku, wanda ba a hawa manyan matakai a jami'a sai da shi. Guraben aiki kaɗan ne, domin ba kowace jami'a ke da sashen zane ba, wadda take da shi ma malaman tarihin fasaha a ciki ba su da yawa. Kwalejojin ilmi da na kimiyya da fasaha suna ɗauka, haka hukumar gidajen tarihi ta ƙasa mai kula da wurare irin su Gidan Makama na Kano, da cibiyoyin adana rubuce-rubuce irin su Gidan Arewa na Kaduna. Albashin malamin jami'a kuwa kowa ya san labarinsa, kuma a 2022 an shafe wata 8 ana yajin aiki. Ƙarin girma sai da wallafa maƙaloli da Turanci, bincike kuma sau da yawa daga aljihunka. Wanda yake neman kuɗi, kasuwar hatsi ta fi masa. Na ce masa kada ya saki hannunsa na rubutu da zayyana, domin sana'a ce da za ta riƙe shi a shekarun karatu.

Akwai kuma wani tarko da ya wajaba ya sani tun kafin ya cike takarda. Wanda ya shiga ta sashen zane ba ya fara da tarihi kai tsaye. A shekarun farko ana haɗa ɗalibai duka a ɗakin aiki, a koya musu zanen jikin mutum da ƙera siffa da yumɓu, sai daga baya kowa ya zaɓi fanninsa. A nan ne maganar kawunsa take da gaskiya ɗari bisa ɗari, domin an tashi daga sani an koma yi. Zane a takarda yana da sauƙi a mazhabarmu kamar yadda ya gabata, muddin babu tsiraici. Amma ƙera cikakken mutum-mutumi na abu mai rai, ban san wata ƙofa da zan buɗe masa ba. Ɗan Abbas (RA) ya taɓa yi wa wani mai cin abinci da zanen surori gargaɗi, da ya ga hankalin mutumin ya tashi sai ya nuna masa itatuwa da duk abin da ba shi da rai. Bai ce masa ya bar sana'a ba, hanya ya sauya masa. Saboda haka na ba yaron zaɓi biyu. Ko dai ya je sashen da kansa ya tambayi malamai da ɗalibai Musulmi yadda suke yi da waɗannan darussa, ko an yarda a yi siffa marar cika ko marar rai. Ko kuma ya shiga ta wata ƙofa, tarihi ko ilmin tono kayan tarihi ko zanen gine-gine ko Larabci, sannan ya karkata binciken digirinsa na biyu zuwa ga rubutun hannu ko ginin masallatai. Ni na fi karkata ga ta biyun, musamman ga wanda yake da Larabci.

Sannan na gargaɗe shi da abin da na fi ji masa tsoro fiye da yumɓu. Littattafan wannan fanni mafi yawansu an rubuta su ne a kan tsarin da ya ɗauki Girka da Rum da Italiya a matsayin ma'auni, inda surar jikin mutum ita ce ƙololuwar fasaha, rubutu da ado da saƙa kuwa ƙananan sana'o'i ne. Wanda ya sha wannan ba tare da tacewa ba zai dawo yana jin kunyar allon da ya yi wa zayyana. Zai koyar da Mikelanjelo, dole ne, domin yana cikin manhaja kuma ɗalibai suna da haƙƙin su sani. Amma ya koyar da Ibn Muƙla, wazirin Abbasiyawa da ya rasu a 940, wanda ya auna haruffan Larabci da ɗigo da da'ira, da irin zurfin da zai koyar da wancan, ya kuma sa Babban Gwani a jarrabawa.

Da muka gama, ban ce masa ya je ya yi jayayya da kawunsa ba. Na ce ya je ya gaishe shi, ya roƙe shi aron Alƙur'anin hannu na kakansu da ke ajiye a wurinsa, ya zauna a gabansa ya ƙirga warƙoƙin, ya auna tsawo da faɗi, ya duba ƙarshen littafin ko marubucin ya sa sunansa da na garinsu, ya ɗauki hoton kowace zayyana, ya kuma rubuta duk abin da kawun ya sani game da wanda ya rubuta shi da inda ya yi karatu. Makon da ya wuce ya aiko mini da saƙo cewa sun yi zama biyu, warƙa 11 sun ɓace daga Suratul Kahfi zuwa Maryam, kuma da ya ɗaga takardar a rana sun ga jinjirin watan, har kawun ya karɓa ya ɗaga da kansa. Maganar Zariya dai ba a kai ga yanke ta ba tukuna.

Wallahu a'alam.